Minti huɗu tsakanin ƙararrawa da wa'azi

A wani ƙaramin gari mai suna Milford, cikin jihar Niyok ta ƙasar Amurka, akwai makarantar gwamnati guda ɗaya tak, wadda ta haɗa yara tun daga ajin share fage har zuwa ajin ƙarshe na sakandare a cikin gini ɗaya. A lokacin da wannan labari ya faru, ana tashin ɗalibanta da ƙarfe 3 saura minti 4 na rana. A shekarar 1996 wani fasto da matarsa suka rubuta wa hukumar makarantar takarda, suna neman a ba su aron ɗakin cin abinci sau ɗaya a mako, domin ƙungiyarsu mai suna Good News Club, wato ƙungiyar bishara, ta riƙa tara yara ƴan shekara 6 zuwa 12, ta fara musu darasi da ƙarfe 3 daidai. Hukumar ta duba takardun da ƙungiyar ke koyarwa da su, ta ce wannan ibada ce tsantsa, kuma ƙa'idar da ta kafa tun 1992 ta hana a yi amfani da ginin don hidimar addini. Ƙungiyar ta kai ƙara a 1997. Shari'a ta yi ta hawa daga kotu zuwa kotu, har ranar 11 ga Yuni 2001, inda alƙalai 6 daga cikin 9 na Kotun Ƙolin Amurka suka ce makarantar ce ba ta da gaskiya, kuma dole ta buɗe ƙofa.

Yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan wannan hukunci yana mulkin makarantun firamare na gwamnati a Amurka, kuma ƙungiyoyi irin wannan sun kai dubbai a cikinsu. Ni dai a ganina kotun ta yi kuskure, kuskuren kuwa yana kwance a cikin waɗannan minti huɗu. Ina so malamai ƴan'uwana su duba maganar da idon basira, domin tambayar da aka yi a Milford tambaya ce da kan iya faɗowa a teburin kowane direkta, ko ina makarantarsa take: wa ke da izinin tsayawa gaban yaro a cikin ginin gwamnati ya gaya masa abin da zai yi imani da shi, kuma bisa wane sharaɗi?

Abin da kotu ta faɗa

Adalci ne in fara kawo hujjar waɗanda nake jayayya da su yadda take, ba tare da na rage mata ƙarfi ba. Gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya hana gwamnati kafa addini, ya hana ta tauye ƴancin yin addini, ya kuma hana ta tauye ƴancin magana. Alƙali Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya kama maganar ta wajen ƴancin magana. Ya ce makarantar Milford ta riga ta buɗe ɗakunanta bayan an tashi ga ƙungiyoyi irin na ƴan sikawut, masu koya wa yara halin kirki. Ƙungiyar bishara ita ma halin kirki take koyarwa, sai dai ta fuskar addini. Idan aka bar wancan aka hana wannan, to an yi wariya ke nan saboda ra'ayi, abin da doka ta hana. Da aka ce masa ai yara ƙanana ne, za su ɗauka makaranta ce ke kiransu zuwa wannan addini, sai ya amsa cewa ba yaron za a duba ba, iyayensa za a duba, tunda babu yaron da ke halarta sai da takardar izininsu. Ya ƙara da cewa idan aka kori ƙungiyar, yaran na iya ɗauka gwamnati gaba take yi da addininsu.

Hujjar ba ta banza ba ce, kuma tana da magabata. A 1981 kotun ta ba ɗaliban jami'ar Missouri damar yin taron addini a ɗakunan jami'a. A 1993 ta ba wata majami'a damar nuna fim a kan tarbiyyar iyali a ginin wata makaranta bayan an tashi, ga duk wanda ya so zuwa. A 1995 ta ce jami'ar Virginia ba za ta hana wata mujallar ɗalibai Kirista kuɗin bugu ba alhali tana ba sauran. To, amma mai karatu ya lura da abu ɗaya da ya haɗa waɗannan shari'u uku: duk na manya ne. Mutanen da ake magana a kansu sun mallaki hankalinsu, suna iya tashi su fita idan wa'azi bai yi musu ba. Abin da kotun ta yi a 2001 shi ne ta ɗauki rigar da aka ɗinka wa ɗan jami'a ta zura wa yaron da bai gama famfara ba, sannan ta ce riga ta yi daidai.

Sunan da bai dace da mai shi ba

Ana yawan kiran waɗannan tarurruka ƙungiyoyin ɗalibai. Wannan suna shi ne farkon yaudara, kuma dokar Amurka da kanta ce ke tona shi. A 1984 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a kan ƙungiyoyin ɗalibai, shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita a 1990. Dokar ta ce duk makarantar sakandare ta gwamnati da ke karɓar kuɗin tarayya, idan ta bar ƙungiya ɗaya wadda ba ta shafi darasi ba ta yi taro, to ba za ta hana wata ba saboda addini ko siyasa. Amma ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Ɗalibai ne da kansu za su kafa ƙungiyar, bisa son ransu. Makaranta ba za ta ɗauki nauyinta ba. Malamin da ya zo taron addini ido ne nasa kawai, ba ya jagora, ba ya sa baki. Mutanen waje kuwa an hana su shirya taron, ko tafiyar da shi, ko halartarsa a kai a kai. Kuma majalisar ta tsaya a kan sakandare, ba ta sauko firamare ba.

Yanzu a aza wannan a gefen abin da aka halatta a Milford. A firamare babu yaron da ya kafa ƙungiya. Yaro ɗan shekara 6 bai rubuta takardar neman ɗaki ba, bai tsara darasi ba, bai zaɓi waƙa ba. Manya ne daga waje suka shirya komi, suke tafiyar da komi, suke halarta kowane mako. Uwar ƙungiyar, Child Evangelism Fellowship, wadda aka kafa a 1937, hedkwatarta kuma take jihar Missouri, ba ta taɓa ɓoye manufarta ba, tana ma cikin sunanta: yi wa yara wa'azin bishara. Ke nan abin da doka ta hana a yi wa saurayi ɗan shekara 17, shi ne kotu ta halatta a yi wa ƙanensa ɗan shekara 7. An katange gonar da hatsinta ya nuna, an bar wadda ta fara tsiro ba shinge. Wane manomi ne zai kira wannan hikima?

Masu kare hukuncin za su ce ai batun dabam ne, wannan aron ɗaki ne kawai kamar yadda kowace ƙungiyar gari ke ara. Na yarda, to sai a kira shi da sunansa. Amma mai aron ɗaki don ɗaki kawai ba ruwansa da ƙarfe nawa aka tashi yara. Wanda ya nace sai ƙarfe 3 daidai, bayan ƙararrawa da minti huɗu, ba rufi da bango yake nema ba.

Abin da ake ara a gaskiya

Alƙali David Souter, ɗaya daga cikin ukun da suka ƙi hukuncin, ya kawo wani lissafi daga takardun shari'ar wanda ya isa ya raba gardama. Lokacin da ƙungiyar ke taro a majami'ar garin, yara 8 zuwa 10 ne ke zuwa. Da ta samu damar komawa cikin makaranta a lokacin da ake jiran hukunci, sai adadin ya ninka sau uku. Wa'azin bai sake ba, masu wa'azin ba su sake ba. Wuri kawai aka sake, da lokaci. Me ya kawo ƙarin yaran nan? Sauƙin iyaye yana ciki, babu shakka, tunda ba sai sun yi jigila ba. Amma duk wanda ya taɓa riƙe alli a ajin farko ya san akwai wani abu da ya fi wannan.

Yaro ɗan shekara 6 ba ya raba makaranta da ginin makaranta. A wurinsa duk abin da aka faɗa a cikin wannan gini gaskiya ce iri ɗaya da biyu da biyu huɗu. Mu malamai mun sani, domin mun sha ganin yaro ya koma gida yana musu da ubansa, hujjarsa ɗaya ita ce mushe ya faɗa. Wannan kwarjini ba mu muka saye shi da kuɗinmu ba. Al'umma ce gaba ɗaya ta tara shi, da harajinta da amanarta, ta damƙa wa makaranta domin a koya wa ƴaƴan kowa abin da kowa ya yarda a koya musu. Babban mutum da ya shigo bayan ƙararrawa da minti huɗu, ya tsaya inda malama ta tsaya, ya ɗauki sunayen masu halarta kamar yadda take ɗauka, ya ba da hadda kamar yadda take bayarwa, kwarjinin nan yake ara. Kuma ba wanda ke da ikon ba da aronsa, domin ba na mutum ɗaya ba ne.

Sai a dubi abin da ake yi a cikin taron, kamar yadda takardun kotu suka bayyana. Yaron da ya kawo haddar aya daga Littafi Mai Tsarki ana ba shi ɗan abin kwaɗayi. Ana waƙa, ana addu'a, ana ba da labari. Daga nan sai a yi magana da yara kashi biyu, waɗanda suka sami ceto da waɗanda ba su samu ba, a ce kowa ya sunkuyar da kai ya rufe ido, wanda yake so ya ba da gaskiya yau ya ɗaga hannu. Ba na zargin kowa da yin haka a majami'arsa, kamar yadda ba na zargin malamin allo da abin da yake koyarwa a zaurensa. Kowane addini yana da hanyar da yake kiran ƴaƴansa, kuma haƙƙinsa ne. Abin da na ƙi shi ne a kira wannan darasin halin kirki irin na ƴan sikawut. Alƙali John Paul Stevens ya rarrabe magana a kan addini gida uku: tattauna wani batu ta fuskar addini, yin ibada, da kuma jawo mutum ya shiga addini. Ya ce makaranta na da ikon barin na farko ta hana sauran, domin gudun kada yara su rabu gungu-gungu. Masu rinjaye suka haɗa ukun a ƙwarya ɗaya suka dama.

Kuma rabuwar da Stevens ya ji wa tsoro ba a cikin ɗakin take ƙarewa ba. Gobe da safe yaron da aka gaya wa cewa ya sami ceto zai zauna a benci ɗaya da wanda iyayensa ba su sa hannu a takarda ba, Bayahude ne ko Musulmi ko ɗan wata ɗariƙar Kirista dabam. Wannan yaro na biyu babu wanda ya nemi izinin iyayensa, amma saƙon zai same shi a filin wasa, daga bakin abokinsa, da hatimin cewa a makaranta aka faɗa. Takardar izinin da Alƙali Thomas ya dogara da ita tana kare yaron da ya shiga ɗaki. Wanda ya tsaya a waje ba ta san da zamansa ba.

Bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan 2001 shari'u suka biyo baya, kowace tana faɗaɗa tsagar. A 2004 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce hukumar makarantun Sioux Falls, a jihar Dakota ta Kudu, ba za ta hana wata malamar firamare shiga taron ƙungiyar bishara a makarantar da take koyarwa ba, muddin an tashi. A wannan shekara dai wata kotun, cikin hukuncin da Samuel Alito ya rubuta kafin ya hau Kotun Ƙoli, ta ce makarantun wani gari a jihar New Jersey dole su raba takardun gayyatar ƙungiyar kamar yadda suke raba na sauran ƙungiyoyi. To, a tsaya a yi tunani da kan yaro. Takardar gayyata ta fito daga hannun makaranta ta shiga jakarsa tare da aikin gida. Taron a makaranta ake yi. Wadda ke gaba kuwa mai yiwuwa malamar da ta koya masa lissafi da safe ce. Lauya ya san cewa da ƙarfe 3 saura minti 4 ta daina zama ma'aikaciyar gwamnati ta koma mai zaman kanta. Yaron fuska ɗaya ya gani, murya ɗaya ya ji.

Wannan ya saɓa wa tsohuwar hikimar kotun kanta. A 1948 ta hana masu koyar da addini shiga azuzuwan gwamnati a jihar Ilinoi cikin lokutan karatu. A 1952 ta yarda a saki yara a birnin Niyok su tafi darasin addini a wani wuri, da izinin iyayensu. Bambancin shari'un biyu shi ne gini da ikon makaranta: a fita da yaro zuwa gidan addini, kada a shigo da gidan addini cikin makaranta. A 1962 da 1963 ta hana addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki bisa umurnin makaranta. Alƙalan wancan zamani sun fahimci cewa yaro ƙarami mai kwaikwayo ne, kuma tilas ba sai da bulala ba. Tun daga 2001 kotun ke ja da baya daga wannan fahimta, har a 2022 ta goyi bayan wani mai horar da ƴan ƙwallo na makarantar gwamnati da ke durƙusawa yana addu'a a tsakiyar fili bayan wasa.

Tsuntsun da ya ja ruwa

Abin da ya fi tona asirin lamarin ya zo ne a 2016. Wata ƙungiya mai kiran kanta The Satanic Temple, wato haikalin Shaiɗan, wadda ke cewa ba ta yarda da wanzuwar Shaiɗan ba, sunan kawai ta ɗauka a matsayin alamar bijirewa, ta sanar cewa ita ma za ta buɗe nata taron yara bayan an tashi, a makarantun da ƙungiyoyin addini ke taro. Hujjarta ita ce hukuncin 2001, kalma da kalma. Nan take da yawa daga cikin masu yabon buɗaɗɗiyar ƙofa suka koma masu neman kwaɗo da makulli. A 2023 hukumar makarantun Saucon Valley, a jihar Pensilbaniya, ta janye izinin da ta ba wannan ƙungiya. Alƙalin tarayya ya umurce ta ta mayar, daga baya kuma ta yarda ta biya dalar Amurka 200,000 kuɗin lauyoyi, abin da ya haura miliyan 100 na sefa. 

Ba na yabon waɗannan mutane. Su ma yara suka mayar dutsen jifa a faɗan manya, kuma laifinsu ɗaya ne da na waɗanda suke yi wa ba'a. Amma sun yi wa jama'a wani amfani ba da niyya ba: sun nuna cewa da yawan masu kiran daidaito nasu daidaiton kawai suke nufi. Duk wanda ke goyon bayan ƙa'idar Milford, sai ya tambayi kansa ko zai goyi bayanta ranar da mai neman ɗakin ya zama wanda ya fi ƙi a duniya, ɗansa kuma yana cikin ginin. Idan amsarsa a'a ce, to ba ƙa'ida yake karewa ba, rinjayen garinsu yake karewa.

Ba kora nake nema ba

Wani zai ce: ashe kai ma irin na Faransa kake so, a share addini daga makaranta kamar ƙura? A'a. Dokar Faransa ta 2004, wadda ta hana ɗalibai sa alamomin addini na fili a makarantun gwamnati, ita ma kuskure ce ta wani gefen, domin ta ɗora wa yarinya nauyin da ke kan gwamnati. Gwamnati ce ya kamata ta zama ƴar ba-ruwanmu, ba ɗaliba ba. Yaron da ya yi addu'a kafin ya ci abinci, ko ya nemi kusurwa ya yi salla, ko ya gaya wa abokinsa abin da ya ji a majami'a, yana cikin haƙƙinsa, kuma malamin da ya hana shi ya yi zalunci. Abin da ya fi kusa da hankali a tarihin Faransa shi ne dokar Jules Ferry ta 1882, wadda ta ware rana ɗaya a mako ban da Lahadi, domin iyaye su kai ƴaƴansu darasin addini a wajen ginin makaranta. Ta ba addini lokaci, ta hana shi allon aji.

Akwai kuma hujjar ƙaramin gari, wanda ba shi da wani babban ɗaki sai na makaranta, kuma masu addini su ma sun biya harajin da aka gina shi. Wannan hujja ce ta gaskiya, shi ya sa ban ce a rufe ƙofa ruf ba. Abin da nake nema shi ne a raba ɗaki da kwarjini, a ba da aron na farko, a hana na biyu. Hakan kuwa mai yiwuwa ne da ƙa'idodi kaɗan, idan an rubuta su tun kafin mai nema na farko ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Da farko, a daina kiran taron manya ƙungiyar ɗalibai. A rubuce da baki, ƙungiyar waje ce da ta ari ɗaki.

Na biyu, a sa tazara ta gaske tsakanin ƙararrawa da taro. A tashi yara, kowa ya koma gida, a rufe makaranta. Wanda iyayensa ke so ya halarta, su maido shi da yamma ko ranar hutu. Yaron da ya fito daga gidansu da hannun mahaifiyarsa ya san ba aji ya zo ba. Na san wannan sharaɗi dole ya hau kan kowa, har ƴan sikawut da masu wasan kwaikwayo na waje, in ba haka ba ya zama wariyar da kotu ta hana. Na yarda da wannan farashi.

Na uku, malamin makaranta kada ya jagoranci taron addini ga ɗaliban makarantarsa a cikin gininta, kuma kada takardar gayyata ta bi ta hannunsa. Idan yana so ya yi wa'azi, ga majami'a, ga masallaci, babu mai hana shi.

Na huɗu, takardar izini ta faɗi gaskiya ƙarara: wace ƙungiya ce, wa ke bayanta, me take koyarwa, kuma shin tana neman yaro ya shiga addini ne. A ajiye kwafin darussan a ofishin direkta, inda kowane uba zai iya karantawa. Kotun Ƙolin Amurka da kanta, a watan Yuni na 2025, ta goyi bayan wasu iyaye Musulmi da Kirista a jihar Maryland da suka nemi a sanar da su, a kuma ba su damar fitar da ƴaƴansu daga darasin da ya saɓa wa tarbiyyarsu ta addini. In har sanin iyaye yana da wannan nauyi kafin ƙararrawa, bai kamata ya rasa shi bayanta ba.

Na biyar, kada a ba yaro lada don ya jawo abokinsa. Mai neman ɗan wani ya je ya sami uban yaron, babba da babba.

Namu gemun

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tarihinmu ba na Amurka ba ne, dokokinmu ma ba nasu ba ne. Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ambaci raba gwamnati da addini a cikin ginshiƙan jamhuriya, kuma muhawara a kan ma'anar wannan rabuwa ta girmi yawancin ɗalibanmu. Amma muna da wani abu da ya kamata mu riƙe da kyau. Tun da aka buɗe madarasar Sayi a 1957, ƙasar nan ta samar da makarantun Faransanci da Larabci, ga kuma makarantun mishan, ga makarantun allo da islamiyya a kowace unguwa. Uban da ya kai ɗansa ɗaya daga cikinsu ya san abin da ya zaɓa tun daga bakin ƙofa. Mu ba mu da ƙarancin wurin koyon addini da zai sa a ce sai ajin lakwal.

A Milford masu rinjaye Kirista ne, yaron da ke tsaye a waje kuwa yana iya zama Musulmi, kuma kowane mai karatu a Maraɗi ko Tawa zai ji masa ciwo ba sai an roƙe shi ba. A nan lissafin a juye yake. Yaron da zai tsaya a waje ɗan Kirista ne, ko kuma ɗan Musulmin da gidansu ke bin wata fahimta dabam da ta mai wa'azin da aka ba ɗaki, domin kowa ya san ranar da aka buɗe wa ƴan ɗariƙa aji, ƴan Izala za su nemi na kusa da shi, haka kuma in an juya. Mu da muka ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai cikin watan Janairu na 2015 ba ma bukatar wanda zai gaya mana tsadar rabuwar kai. Bencin firamare yana cikin ƴan wuraren da suka rage inda ƴaƴan waɗannan gidaje duka ke zama kafaɗa da kafaɗa kafin a koya musu sunayen da ke raba su.

Saboda haka ina kira ga direktoci, da kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da COGES, da ƙungiyoyin iyaye da na al'adu, su zauna su rubuta ƙa'idar aron azuzuwansu tun yanzu, lokacin da babu mai nema a bakin ƙofa, babu kuma wanda za a ce don shi aka yi. Idan sun gama rubutawa, kowa ya sake karanta ta yana ɗauka cewa ɗansa ne kaɗai mai irin addininsa a cikin ajin. In ta yi masa daɗi a haka, sai a sa mata hannu.